AMSOSHIN TAKARDUNKU: Wata takwas ana danne ɗana, me ya koya?

Takardar da muka ɗauka a wannan mako ta fito ne daga wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Dandume, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Alhaji ya ce yana da ɗa da ke aikin gadi a birnin Abu Dabi, yaron kuwa ya shiga koyon wata kokawa da ake kira jiyu-jitsu ta Birazil. Yau wata takwas ke nan yana zuwa sau uku a mako, yana biyan kuɗi duk wata, amma da bakinsa ya gaya wa mahaifin nasa cewa kullum danne shi ake yi, har yaran da bai kai a kira su sa'o'insa ba suna sa shi ya miƙa wuya. Ɗamarar da aka ba shi ranar farko, fara, ita ce dai har yanzu a ƙugunsa. Alhaji na tambaya: shin wannan ba asarar kuɗi ba ce? Kuma ba za a karya masa yaro a ƙasar mutane ba? Ya ce in amsar ta nuna haka, zai umarce shi ya bari.

To Alhaji, mun gode da wannan takarda. Kafin ka yanke hukunci, ka ba mu aron kunnenka, don wannan wasa ba a auna shi da mudun da muke auna kokawarmu ta gargajiya.

Da farko dai ga inda bambancin yake. A kokawar da ka sani, ta dandali bayan kaka, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kiɗa, a ɗaga wanda ya yi kaye. A jiyu-jitsu kuwa kayarwa buɗe taro ce kawai. Maki 2 ake ba wanda ya kayar, sannan a ci gaba da fafatawa a ƙasa bisa shimfiɗa mai laushi, har sai ɗaya ya kama ɗan'uwansa kamun da ba shi da mafita: ko dai ya shaƙe shi, ko ya lanƙwasa masa wata gaɓa, kamar gwiwar hannu ko kafaɗa, ta inda ba ta lanƙwasuwa. Wanda aka kama sai ya bubbuga jikin abokin karawarsa da tafin hannu sau biyu ko uku, ko ya bugi shimfiɗa, ko ya faɗa da baki. Nan take a sake shi. Babu naushi, babu shuri, babu mari. Saboda haka in ɗanka ya ce maka ana sa shi miƙa wuya, wannan bubbugawar yake nufi.

Asalin wasan daga Japan yake. Wani malami mai suna Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a birnin Tokiyo a shekarar 1882, inda ya tace tsofaffin dabarun faɗan mutanensu ya fitar da abin da ake kira judo. Wani almajirin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya yi yawon duniya yana karawa da ƙarfafa, har ya isa Birazil a 1914, ya zauna a garin Belem da ke arewacin ƙasar. A makarantarsa ne wani saurayi, Carlos Gracie, ya fara koyo. Daga baya iyalin Gracie suka koma birnin Riyo, inda Carlos da ƙannensa suka buɗe tasu makarantar. Ƙanen da ya fi shahara shi ne Helio, siririn mutum, wanda ya rayu har ya kai shekara 95, ya rasu a 2009. Ba su kaɗai ba ne, don akwai irin su Oswaldo Fadda da ya koyar da 'ya'yan talakawa a unguwannin bayan garin Riyo. Abin da mutanen Birazil suka yi shi ne, suka mai da hankalinsu kacokan kan faɗan ƙasa, wato abin da ke faruwa bayan an faɗi.

Duniya ba ta san da su sosai ba sai ran 12 ga Nuwamba 1993, da aka yi gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka. An tara mutum 8 masu salon faɗa daban daban, har da ɗan dambe da ɗan kokawar sumo. Ɗan Helio, wato Royce Gracie (mutanen Birazil "Hois" suke faɗin sunan), wanda nauyinsa bai wuce kilo 80 da 'yan kai ba, ya kara da mutum uku a dare ɗaya, kowannensu kuwa sai da ya miƙa wuya. Daga nan ne makarantu suka yi ta buɗewa a ƙasashe. Shi ma birnin da ɗanka yake ba baƙo ba ne a wannan harka. Ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan sarautar Abu Dabi, Shaihu Tahnun bin Zayid, ya koyi wasan a Amurka, ya kafa gasar ADCC a 1998, kuma tun 2008 aka shigar da jiyu-jitsu cikin darussan makarantun gwamnati na can, aka ɗauko malamai daga Birazil. Ke nan yaronka ya faɗa wurin da ake ɗaukar abin da muhimmanci, kuma abokan karawarsa wasunsu tun suna firamare suke birgima a kan shimfiɗar nan. Yaya ba za su danne shi ba?

Yanzu bari mu bi sabon shiga daki daki, mu ga abin da ke faruwa da shi.

A watanni biyu ko uku na farko, babban abokin gabansa numfashinsa ne. Mutum ne da bai taɓa jin ƙato ya kwanta masa a ƙirji ba. Da an danne shi sai tsoro ya kama shi, ya riƙe numfashi, ya ɗaure jijiyoyinsa duka, ya yi ta ture-ture da iyakar ƙarfinsa. Kafin minti biyu ya ƙare ya zama laƙwas, hannuwansa sun mutu, ko rigar abokinsa ba ya iya damƙa. Zagaye ɗaya na gwaji kuwa yawanci minti 5 ne ko 6. Abin mamaki, majiya ƙarfi sun fi shan wannan wahala. Wanda ya saba ɗaukar buhun masara ya ɗora a kan mota yakan zo da tunanin ƙarfinsa zai fisshe shi, sai ya miƙa hannu ya ture wanda ke kansa, shi kuwa na saman abin da yake jira ke nan. Hannun da aka miƙe shi ake kamawa a lanƙwasa.

Don haka darussan farko ba na kama mutum ba ne. Ana koya masa yadda zai faɗi ba tare da ya tokare ƙasa da hannu ya karye ba. Ana koya masa ya manne gwiwoyin hannunsa a haƙarƙari, ya kare wuyansa. Ana koya masa ya kwanta ta gefe ya ja ƙugunsa baya, ya samar wa kansa 'yar sarari tsakaninsa da wanda ya danne shi, da kuma yadda zai dasa ƙafafu ya gantsare ya kifar da wanda ya hau ruwan cikinsa. Waɗannan biyun, jan ƙugu da gantsarewa, zai yi ta maimaita su daga wannan bango zuwa wancan a farkon kusan kowane darasi. Ba su da daɗin kallo ko kaɗan. In ka leƙa ta taga ka ga manyan mutane suna jan gindi a ƙasa, sai ka rantse ba su da aikin yi. Amma masu baƙar ɗamara ma ba su daina yin su ba.

Sai kuma abin da ya fi ba baƙo mamaki, wato wanda bayansa ke ƙasa ba lallai ne shi ke shan kashi ba. In ya sa ƙafafunsa tsakaninsa da abokin karawa, ko ya naɗe masa ƙugu da su, to yana cikin abin da suke kira "guwarda", wato gadi, kalmar da ɗanka ya riga ya sani a wurin aikinsa. Daga nan yana iya shaƙewa, yana iya kama hannu, yana iya juya abokin nasa kamar waina ya koma sama, a ba shi maki 2. Na sama kuwa aikinsa shi ne ya tsallake ƙafafun nan, in ya yi a ba shi maki 3. Ɗora gwiwa a ciki maki 2 ne. Hawan ruwan ciki maki 4, haka ma kamun baya, inda ake saƙala ƙafafu a cinyoyin mutum ta bayansa. Kowane matsayi sai an riƙe shi na sakan 3 kafin alƙali ya ba da maki. Wannan lissafi na babbar hukumar wasan ne, IBJJF, kuma na kawo shi ne don ka ga cewa abin tsani ne mai hawa hawa. Sabon shiga yakan shafe wata da watanni kafin ma ya gane a wane mataki yake a tsakiyar kokawa, balle ya san inda ya kamata ya nufa.

To a nan ne amsar tambayarka ta farko take, Alhaji. Ci gaban mai koyo a shekararsa ta farko ba a ganinsa a yawan waɗanda ya kayar. Ana ganinsa ne a yadda shan kayen nasa yake canzawa. Wanda a watan farko ake sa shi bubbuga hannu sau biyar ko shida a zagaye ɗaya, in ya kai wata na shida sai ka ga sau biyu ne, ko sau ɗaya. Da can bai san ma abin da ya same shi ba, sai dai ya ji wuya ya ƙulle. Yanzu yana ganin tarkon tun ana ɗana shi, ko da bai iya kauce masa ba tukuna. Da can yana fita zagaye ɗaya yana neman amai, yanzu yana yin huɗu a jere yana numfashi ta hanci. Har yanzu danne shi ake yi, gaskiya ne, amma dannewar ta wata na takwas ba irin ta ranar farko ba ce, kuma wanda ke kansa ya san haka, don gumin da yake yi ya ƙaru.

Abin da ke ɓoye wa mai koyo wannan ci gaba shi ne abokan karatunsa ma ba a tsaye suke ba. Ka ɗauki motoci biyu da suka tashi daga Dandume za su Legas, ɗaya ta riga ɗaya da tafiyar awa guda, kuma gudunsu ɗaya. Direban ta baya zai yini bai cim ma ta gaba ba, in da ita kaɗai yake auna tafiyarsa sai ya ce bai gusa ba, alhali ya ƙetare Kwara tun tuni. Haka ɗanka yake da waɗanda suka riga shi shiga da shekara ɗaya. Ranar da zai gane nisan da ya yi ita ce ranar da wani sabo fil zai shigo, ƙato mai ji da ƙarfi, malam ya haɗa su. Sai ya ga mutumin yana haki yana ture-ture, shi kuwa ya riƙe shi cikin natsuwa ba tare da ya san lokacin da jikinsa ya koyi hakan ba. Ka tambaye shi ko wannan rana ta zo. A wata takwas, sau uku a mako, ina kyautata zaton ta zo, bai dai ɗauke ta abin ba da labari ba ne.

Na koyar a aji kafin in zo gidan rediyo, kuma duk malamin firamare ya san irin wannan. Yaro zai yi zango biyu yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar, uba ya zo ya ce malam ba a koya wa ɗana komai, sai a zango na uku yaron ya ɗauki takarda ya karanta layi guda tiryan-tiryan. Ba a wannan makon ya koya ba.

Batun ɗamara kuma, kada ta dame ka. Ta manya launi biyar ce: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, sannan baƙa. A tsakanin kowace da mai bi mata, yawancin makarantu kan naɗa wani siririn farin ƙyalle mai danƙo a bakin ɗamarar, ɗaya bayan ɗaya har huɗu, alamar malam ya ga an matsa gaba. Wasu makarantun ba sa yin wannan sam. Babu wata jarrabawa guda da duniya ta yarda da ita, malami ne ke duban almajirinsa ya ce ya isa. Daga fara zuwa shuɗiya mutane da yawa kan yi shekara ɗaya zuwa biyu, wasu fiye. Hukumar da na ambata ba ta yarda a ɗaura wa wanda bai kai shekara 16 ba shuɗiya, kuma bisa ƙa'idarta ta gama-gari sai mutum ya yi aƙalla shekara 2 da shuɗiya, shekara 1 da rabi da shunayya, shekara 1 da ruwan ƙasa. Wannan mafi ƙaranci ke nan. A aikace, baƙar ɗamara kan ci wa mutum kimanin shekara 10. Akwai wani Ba'amurke ɗan tsibirin Hawai, B.J. Penn, da ya same ta cikin shekara 3 da 'yan watanni, ya kuma ci gasar duniya a 2000, shi ne na farko da ba ɗan Birazil ba da ya yi haka a rukunin baƙar ɗamara. Ana ba da labarinsa har gobe ne saboda irinsa ba su da yawa. Ni a ganina, da a ce ɗanka ya bugo waya a wata na takwas ya ce an ba shi shuɗiya, da a lokacin ne ya kamata ka yi shakkar makarantar.

Sai tambaya ta biyu, ta rauni, kuma ba zan ɓoye maka ba: ana jin ciwo a wannan wasa. Yatsu kan kumbura saboda damƙar riga mai kauri. Haƙarƙari kan yi tsami. Gwiwa da kafaɗa su ne suka fi ba da tsoro, don in jijiyarsu ta tsinke sai an yi wata da watanni ana jinya, wani lokaci har da tiyata. Kunne kan tara jini ya kumbura saboda gogayya, in ba a je likita ya zuƙe da wuri ba sai ya daskare ya zauna a murɗe har abada. Akwai kuma cututtukan fata irin su makero, da ake ɗauka daga shimfiɗa mai datti ko rigar da ba a wanke ba. Maganin wannan wanka da sabulu bayan kowane darasi, wanke riga da ɗamara kowace rana, yanke farce, da zama a gida in an ga tabo a jiki har ya warke.

Amma babban abin da ke tsare mai koyo daga karaya shi ne wannan bubbuga hannu da ɗanka yake faɗa maka cikin jin kunya. Shaƙar da ake yi a wasan nan jijiyoyin jini biyu na gefen wuya take matsewa, waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma in ta kama daidai mutum kan suma cikin kamar sakan 10. Gwiwar hannu kuwa ba ta ba da dogon gargaɗi, tsakanin jin zafi da gocewa ɗan taƙi ne. Wanda girman kai ya hana shi sallamawa da wuri shi ke kwana a asibiti. Ko shi Helio Gracie abin ya faru da shi. A watan Oktoba na 1951, a filin wasa na Marakana da ke Riyo, gwanin judo na Japan Masahiko Kimura ya murɗe masa kafaɗa, ya ƙi sallamawa, hannun ya karye, sai da wansa Carlos ya jefa tawul aka tsai da wasan. Har yau sunan Kimura ake kiran wannan kamu da shi. Helio dai a gaban dubban 'yan kallo yake, da sunan gidansu a wuyansa. Ɗanka kuwa da safe zai tashi ya tafi gadi, hannun nan da shi yake ci, da shi kuma yake aiko muku da abin da ya samu. Ya bubbuga tun kafin zafi ya zo, ko sau goma ne a dare ɗaya.

Haɗari na biyu shi ne sabon shiga ɗan'uwansa. Mai baƙar ɗamara ya san iyakar gaɓa, a hankali yake matsawa yana jiran a sallama. Wanda ya yi wata biyu kuwa fizga yake yi, ya faɗo wa mutum a gwiwa ba da niyya ba. Shi ya sa malamin kirki ba ya sakin sababbi biyu su yi ta dambarwa ba ya kallonsu, kuma a gasar hukumar an hana ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, an kuma hana masu farar ɗamara yawancin kamun da ke murɗa gwiwar ƙafa.

Kan maganar kuɗi, in ɗanka yana tunanin wannan wasa zai zama sana'arsa nan kusa, to a gaya masa gaskiya. Akwai gasa masu ba da kyautar kuɗi, har a Abu Dabi ɗin ana yin wata babba tun 2009, amma waɗanda ke ɗaukar kuɗin mutane ne da suka shafe shekaru goma ko fiye ba su da wani aiki sai wannan. Mafi yawan masu ci da jiyu-jitsu koyarwa suke yi, ita kuwa sai an yi nisa. Abin da zai samu a shekara ɗaya ko biyu shi ne ƙarfin jiki da dogon numfashi, da sanin yadda zai riƙe mai tada hankali ba tare da ya nausa ko ya ji masa ciwo ba, wanda ga mai aikin gadi ba ƙaramin abu ba ne. Sannan saurayi ne a baƙuwar ƙasa, darare uku a mako ka san inda yake. Ko wannan ya kai kuɗin da yake biya, kai da shi ne za ku auna da abin da yake samu da abin da ke wuyansa a gida. In kuɗin makarantar yana cin abin da ya kamata ya aiko na taki ko na karatun ƙannensa, sai ya rage kwanaki ko ya nemi wuri mai sauƙi. Sau biyu a mako ba fashi ya fi sau biyar na wata ɗaya a ɓace wata biyu.

Saboda haka in ya sake bugo waya, kada ka tambaye shi mutum nawa ya kayar. Ka tambaye shi sau nawa yake sallamawa a zagaye yanzu, sau nawa ne kuma a watan farko. Ka tambaye shi ko malaminsu na tsayawa a kansu lokacin gwaji, ko ana goge shimfiɗa kullum, ko in mutum ya bubbuga ana sakinsa nan take. In ya ce akwai wanda ke ci gaba da matsawa bayan an sallama kuma malam na gani bai tsawata ba, ko ana yi wa mai sallamawa dariya, ko ana tilasta wa mai rauni ya shiga kokawa, to wannan wurin ya bar shi a ranar, ya nemi wani, makarantu ba su yi wuya a garin ba. In kuwa amsoshin sun yi kyau, shawararmu ita ce ka bar shi ya cika shekara ɗaya da rabi, sannan ku sake zama a kan maganar.

Alhaji, a gaida mutanen kasuwar Dandume. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardun da suka taru kan ajiyar wake.